Jama'ar Ƙasar Gumel, Kada Mu Bari Nisa Ya Cinye Mana Yara

Jama'ar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, hunturu yana tafe da hazonsa da ƙurarsa, kuma kowa ya san yadda tari ke zaga gidaje idan ya sauka. Kafin ya iso, akwai maganar da ya wajaba mu faɗa wa junanmu.

Lokacin da korona ta mamaye duniya a 2020, an yi ta cewa cuta ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Wajen kamu, gaskiya ne. Da aka zo ƙirga mamata sai zance ya canja. A watan Mayun shekarar, hukumar ƙididdiga ta Ingila ta bayyana cewa haɗarin mutuwar baƙar fata ya ninka na Bature tsaransa har sau huɗu. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a can har da namu, Dakta Alfa Sa'adu, mutumin Pategi. A Amurka ma baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar sun fi Turawa kwanciya a asibiti da kuma mutuwa. Dalilin kuwa cunkoson gidaje ne, da aikin da ba ya yiwuwa daga ɗaki, da hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba, da isa asibiti a makare. Hatta 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na Bature.

Su can sun san wannan ne domin sun ƙirga. Mu fa? A Kano, masu haƙar kabari ne suka fara kururuwa a watan Afrilun 2020. Sai a Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗi cewa mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Birnin Kano ke nan, mai manyan asibitoci da 'yan jarida. To, wa zai ƙirga jaririn da ya cika a ruga a bakin iyaka, aka yi masa sutura kafin azahar?

Mu a nan launinmu ɗaya, amma rabon ba ɗaya ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kaiwa shekara biyar. A Kudu maso Yamma 62 ne. Ciwon haƙarƙari yana cikin manyan masu ɗauke su, kuma sau da yawa mura ce ko ƙyanda ke buɗe masa ƙofa. Ko a cikin masarautarmu, wanda ke bayan Babban Asibitin Gumel ba daidai yake da wanda sai ya keta yashi a kan babur ko amalanke ba. Bafulatanar da maigidanta ya tafi kiwo, ba ta da kuɗi a hannu, ba ta da izinin fita, Hausarta ma ba ta nuna sosai ba, ita ce ke kwana tana kallon ƙirjin ɗanta yana lotsawa. Allah ne mai rayawa da kashewa, ba mu ja. Amma Shi ne Ya ce a nemi magani, kuma zai tambaye mu sakacinmu.

Iyaye mata, ku ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance cikin natsuwa. Idan bai kai wata biyu ba kuma ya yi 60, ko yana tsakanin wata biyu da shekara ɗaya ya yi 50, ko yana tsakanin shekara ɗaya da biyar ya yi 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi nono, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya sayen ƙwaya a tire. Magidanta, ku ba da izinin tun yau, ku ajiye kuɗin mota a ɗaki. Allurar ƙyanda kyauta ce: wata tara, sannan a koma a wata goma sha biyar. Ta biyun nan ita ake yawan mantawa.

Dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, ku riƙe littafi, ku rubuta kowane yaro da ya rasu da tari da sunan ƙauyensa ko rugarsa, ku miƙa wa hakimi. Limamai, ku sa maganar a huɗuba. Direbobi da 'yan acaɓa, a kowane gari a san mutum biyu da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Kasuwar Maigatari tana tara dubban mutane kowace Alhamis, daga nan gida da Nijar. Mu nemi a kafa rumfar rigakafi a kusa da kara, a sa mai jin Fulatanci. Shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu da 'yan majalisarmu na Dutse, za mu zo mu tambaye ku asibitin mazaɓa nawa ne ke da oksijin da ma'aikacin kwana. Kwamitin lafiya na kowace mazaɓa ya zauna a makon nan, ya fara da rugar da ta fi nisa.