Wa Zai Gaya Wa Yaran Tiga Darajar Kwaɗo?

Da zarar an ce a zaunar da yara a koya masu darajar kwaɗo, ko a nuna masu yadda ake mai da gwangwani da leda abin amfani, sai ka ji wasu sun kwashe da dariya, wai wannan aikin marasa aikin yi ne, wai Turawa ne suka ƙoshi suke neman abin ɓata lokaci. To masu wannan dariya su dakata tukuna, su je Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa su ga abin da ake yi wa ƙasar da ke shayar da Kano, sannan su dawo su ci gaba da dariyar in har da sauranta.

Kogin Kano ta cikin Dajin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwan ke gangarawa ya raya shinkafa, alkama da tumatir a Kadawa da Kura. Shi wannan daji tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Me aka yi da wannan amana? An sakar wa masu gatari da masu ƙona gawayi, an bar shi ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sai da sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye a 2017. Duk bishiyar da aka sare a can, ƙasar da saiwarta ke riƙewa ruwan sama zai kwashe ya kai cikin Tiga. Amma mahukunta ba su cika tuna Falgore ba sai an sace wani babba a hanyar Jos.

Ina ruwan kwaɗo a wannan magana? Ai shi ne mai gadin da ba a biyansa albashi. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake wani sashe na numfashinsa, saboda haka duk gubar da ta shiga fadama shi take fara kamawa. Dare ɗaya yana lamushe ƙwarin da ba su ƙirguwa a gonar shinkafa. Indiya ta yi shekaru tana sayar wa Turawa cinyoyin kwaɗi, da ƙwari suka yi wa gonaki caa, aka koma zabga maganin feshi, dole ta haramta fitar da su a 1987. A Kosta Rika da Panama kuwa, bayan wata cutar fata ta karkashe kwaɗi, binciken da aka fitar a 2022 ya nuna zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru a yankunan da abin ya shafa. Ruwa ba ya tsami banza.

A 2023 masana suka fitar da sakamakon nazarin nau'o'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu a duniya, suka ce kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Ba nesa abin yake ba. A Kamaru akwai kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, yakan haura kilo 3, farauta ta sa yana neman ƙarewa. A duwatsun Idanre na Jihar Ondo akwai wani ɗan ƙarami da ba a san shi a ko'ina ba sai can. Burduddugin fadamun Arewa kuwa buhu-buhu ake busarwa ana lodi zuwa Kudu. Wani bincike na 2010 ya gano 'yan kasuwa 32 kacal suna hada-hadar kwaɗi sama da miliyan 2.7 a shekara. Mutum 32!

Sai kuma feshi. Maganin ciyawar nan atirazin, wanda Tarayyar Turai ta hana a ƙasashenta tun 2004, an shafe shekaru bayan haka ana fesa shi a gonakin masarar ƙasar nan. Wani masani Ba'amurke, Tyrone Hayes, ya nuna yana lalata mazan kwaɗi, wasu ma su rikiɗe su koma mata. Abin da suka ƙi a gidansu suka yarda a sayar wa talaka, shi kuma yaron da aka goya wa tankin feshi ba wanda ya gaya masa komai, a bakin rafi yake wanke tankin, a nan ƙannensa ke wanka.

Abin mamaki, masu cewa wannan hidimar Turawa ce sun manta cewa Abu Dawuda ya ruwaito wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a haɗin maganinsa, Manzon Allah (S) ya hana a kashe shi. Amma je ka bakin kududdufi da damina ka ga yara da duwatsu suna gasar wa ya fi kashewa, manya na wucewa ko a jikinsu. Laifin wa? Ba na yaron ba ne. An cika masa kai da haddar sunayen dabbobin da bai taɓa gani ba, ba a taɓa kai shi bakin ruwa an nuna masa yadda ƙwai ke zama ɗan wutsiya, ɗan wutsiya ya fid da ƙafafu ba.

Batun sarrafa shara kuwa, wannan ma abin kunya ne a ce wai sai an koyo daga waje. Ɗan Bahaushe da ya ƙera mota da karan dawa, ya yi taya da tsohon silifa, ya naɗa ƙwallo da tsumma, shi za a koya wa? Iyayensa sun yi aci-balbal da gwangwanin madara, guga da tsohon tiyub, takalmi da taya, tukunya da narkakken alminiyom. Wani ɗan Gana, El Anatsui, da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, da murafen kwalba da waya yake saƙa manyan shimfiɗu, a 2015 aka ba shi lambar girma a birnin Banis na Italiya. Shi an kira nasa fasaha, yaron Kwanar Ɗangora da ya yi motar gwangwani an ce masa mai wasan banza, an zane shi, an saya masa ta roba 'yar Sin wadda ba ta kwana uku. Ita ma ta ƙare a kwata, tare da ledar fiya-wata da ke toshe magudana tana kashe awaki. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. A nan kuwa iska ce kawai ke share ta.

Jiran gwamnati a kan wannan jiran gawon shanu ne. Matashin da ke koyarwa a Islamiyya ko firamare a Riruwai ko Tudun Wada ba ya buƙatar kwangila. Ranar Alhamis ya ɗebi ɗalibansa su tsince robobi da ledojin bakin rafi, a wanke, a yanka ledar zare-zare a saƙa tabarma da jakar littattafai, robar lemo a huda gindinta ta zama abin ban-ruwan dashen darbejiya ko mangwaro. Wanda ke gudun siffar mai rai ba dole ne ya sassaƙa kwaɗo ba, na gaske yana nan. A yanke babbar roba, a ɗebo ruwan kududdufi da 'yan wutsiya biyar ko shida, a ajiye a inuwa, yara su riƙa dubawa kullum suna rubuta ranar da ƙafafun baya suka fito da ranar da wutsiya ta shanye. Da sun fara tsalle, yaran da kansu za su mayar da su inda aka ɗebo su. Robar maganin feshi kaɗai ce ba za a bari yaro ya taɓa ba, komai wankinta.