RIBA TA MAI GIDA, ASARA TA YARO?

'Yan uwa, ku leƙa masana'antun Bompai da Sharaɗa. Yaro zai shekara yana tara wa mai gida riba, ba a ƙara masa ko kwabo ba. Ran da inji ya lalace a hannunsa, sai a zabtare albashinsa, a haɗa shi da 'yan sanda, a kore shi. Wannan zalunci ne tsagwaronsa!

A fiƙihu, ma'aikacin da ka ɗauka yana yi maka aiki kai kaɗai amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko sakaci. Mai cin riba shi ke ɗaukar asara. Hatta dokar ƙwadago ta 1974, wadda su suka rubuta abarsu, ta hana yankar albashi saboda ɓarna sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Wa ya taɓa ganin wannan takarda?

Jari-hujja bai san Allah ba, bai ma san dokarsa ba. Ɗan uwa, riƙe amanar aikinka, amma kar ka sa hannu a kan bashin da ba ka ci ba. Wanda aka kora kuma, kar mu bar shi shi kaɗai. Yau shi ne, gobe kai ne.