Asmar Jarumarmu da Asmar Mutanen Isa

A littattafanmu na soyayya asma ta zama ado. Jaruma ta ji mugun labari, numfashi ya sarƙe, jarumi ya zazzage jaka ya ciro maganin shaƙa, shaƙa biyu ta farfaɗo. Ni kam na gaji da wannan fitowar.

Ku kai labarin Isa ko Sabon Birni da hunturu, ga hazo, ga hayaƙin kara a madafa, ga ƙaiƙayin gero. Yaro ya kwana tari, ƙirji na kuka kamar kyanwa, a ce sanyi ne. Sunan ma na rikita mu: fuka ita ce asma, tarin fuka kuwa tibi ne, kuma tarin da ya wuce mako 2 sai an gwada kaki.

Likita kan tabbatar da asma da na'urar auna numfashi: mutum ya busa, a ba shi magani, ya sake busawa, a duba bambancin. Irin wannan gwajin a manyan asibitoci ake nemansa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da tafiya a gabashin jihar. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa ba ya iya busawar yadda ake so. Da bakin uwarsa likita zai yi aiki: dare nawa tari ya tashe shi a watan nan? Sau nawa ya shaƙi magani? In ya wuce sau 2 a mako, ciwon bai kwanta ba. Matar da ke riƙe da wannan lissafi a ka, ba ta yi boko ba, ita ce jarumar da ban taɓa gani a littafinmu ba.

Ga inda muka fi kuskure. Likitoci ba sa kiran asma mai tsanani sai mutum yana shaƙar maganin kariya mai ƙarfi kullum, yadda ya dace, amma ciwon ya ƙi lafawa. Shuɗin nan Ventolin buɗe hanyar iska kawai yake yi, ba ya kashe kumburin da ke ciki. Shi ɗin ma ya yi tsada bayan kamfanin GSK ya sanar da barin Najeriya a Agustan 2023. A ganina da yawan waɗanda ake cewa tasu ta yi tsanani ba su taɓa riƙe maganin kariyar ba.

In za ku rubuta daren tashin ciwon, ku rubuta shi daidai. Yaron ba ya iya ƙarasa magana, fatar tsakanin haƙarƙari na lotsawa, kwanciya ta gagara. Uwar ta huda gindin gorar ruwa ta roba, ta cusa bakin maganin, tana fesawa ɗaya bayan ɗaya yana shaƙa, uban kuma yana waje yana neman mai babur da zai yarda ya fita kafin asuba.