Sarauniya sarauta ce, ba suna ba

A shekarar 1980 marigayi Abdulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia da Faransanci, inda ya ba da labarin matar da ta ja daga da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu, cikin ƙasar Arewa, a 1899. Ba na musun girman aikin. Tarihin ƙaramin gari ya ɗauko ya kai shi duniya, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986.

Kalmar kanta ce ke damuna. Da ta shiga rubutun Faransanci, sai ta rikiɗe ta zama sunan mace guda, alhali sarauta ce. Wadda ta yi yaƙin Mangu ake ce mata; wasu sun gabace ta, wasu sun gaje ta. Da yawa cikinmu Sarauniyar littafi muka sani, ta gari kuwa ko labarinta ba mu nema ba.

Wannan ba laifin marubuci ba ne, namu ne, mu masu nazarin harshe. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi bai kai tafiyar yini ba, kuma tsofaffin Lugu, masu riƙe da labarin cikin Hausarsu ta Arewa, ba za su jira mu kammala digiri ba.