Oliba Tambo ba gudu ya yi ba

Ya kai mai karatu, in an ce maka Afirika ta Kudu, sunan wa ke fara zo maka? Na san za ka ce Mandela. Kana da gaskiya, shekara 27 ya yi cikin kaso. Amma akwai abokinshi, Oliba Tambo, wanda ba a cika faɗin sunanshi ba. Shi waje ya zauna, shekara 30. Shi ya sa wasu ke ganin kayan da ya ɗauka ba su kai na Mandela nauyi ba. Ni ban yarda ba.

An haifi Tambo a 1917, a wani ƙauye na yankin Bizana. Ɗan manomi ne. Ya yi lakkwal har jami'a, ya koyar da lissafi da kimiyya, daga baya ya zama lauya. A 1952 shi da Mandela suka buɗe ofishin lauyoyi a birnin Johanasbag.

A lokacin Turawa ƴan tsiraru ke mulki. Baƙar fata ba ya zama inda ya so, ba ya yawo sai da takardar izini cikin aljihu. Ran 21 ga Maris 1960, a garin Shafbil, jama'a suka fito nuna ƙin wannan takarda. Ƴan sanda suka buɗe musu wuta, aƙalla mutum 69 suka mutu. Shugabannin ƙungiyar ANC sun san hana ta za a yi. Sai suka ce ma Tambo ya fita, ya zama bakinsu a duniya. Ka ji, aikenshi aka yi. Ya ƙetara iyaka ya shiga ƙasar da ake ce ma Botswana yau.

A 1964 aka yanke ma Mandela da Sisulu ɗaurin rai da rai. A 1967 shugaban ANC, Albat Lutuli, ya rasu. To, wa ya rage? Ragamar ta faɗo hannun Tambo, mutumin da ba shi iya taka ƙasarshi.

Kai da ka taɓa zuwa cin rani, ka san zaman baƙunta. Amma kai kana ƙidayar wata, in damana ta kusa ka koma gida. Tambo bai san ranar komawa ba. Matarshi Adeled na Landan, tana aikin jinya a asibiti, ita ke riƙon yara uku. Shi kuwa yana Tanzaniya, yana Lusaka ta Zambiya, yau wannan ƙasa gobe waccan, yana neman kuɗi, yana neman makamai, yana neman mai saurare. Kuma waje ɗin ma ba tsira ba ce. An kashe Rut Fas da bam cikin wasiƙa a Maputo a 1982. An harbe Dulsi Satumba, wakiliyar ANC, a Paris a 1988.

Aikin da ya fi wuya, a ganina, shi ne riƙon mutane. Ƴan gudun hijira sun gaji, suna kewar gida, kowa na zargin kowa. A 1969 gunaguni ya yi yawa har aka kira taro a Morogoro, cikin Tanzaniya. Tambo ya zauna ya saurari masu suka, ƙungiya ba ta tsage ba. Bayan boren Soweto na 1976, samari da ƴan mata suka riƙa kwararowa waje, ransu a ɓace, bindiga kawai suke so. ANC ta gina musu lakkwal a Mazimbu, kusa da Morogoro. Tsohon malami ne ke shugabanci, ba abin mamaki ba ne.

Kada ka ce ina wanke shi tas. A sansanonin ANC na Angola an tsare wasu bisa zargin leƙen asiri, an azabtar da su, wasu sun mutu. Binciken da ANC ta sa aka yi a 1992 da 1993 ya tabbatar da haka. Tambo ne shugaba lokacin, yana da nashi kason laifi.

Amma tambayi kanka: mutumin da ke kulle a tsibiri, an hana buga hotonshi, an hana buga maganarshi, ƙaƙa duniya ta riƙe sunanshi? Waɗanda ke waje ne suka ɗauki sunan Mandela suka kai shi Majalisar Ɗinkin Duniya, da coci-coci, da ƙungiyoyin ma'aikata. Tambo ne jagoransu, kuma bai damu ba don sunan abokinshi ya rufe nashi.

A Agusta 1989, bayan wahalar tafiye-tafiye, shanyewar jiki ta kama shi. An saki Mandela a Fabrairu 1990. Tambo ya koma gida a Disamba, magana na yi mishi nauyi. A 1991 ya miƙa ma Mandela shugabancin ANC, ba gardama.

Ya rasu ran 24 ga Afrilu 1993. Zaɓen farko da kowa ya jefa ƙuri'a, baƙi da fari, an yi shi ran 27 ga Afrilu 1994, shekara ɗaya da kwana uku bayan rasuwarshi.