Shiru Ba Amsa Ba Ce

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan aji shida, kullum ana koya mana yadda ake neman gurbin karatu, amma ba a cika koya mana yadda ake mayar da shi idan ba ma so ba. Mu a wannan kulob muna ganin wannan ma ladabi ne.

Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta fito da tsarin CAPS, inda ɗalibi ke ganin gurbin da makaranta ta ba shi, ya karɓa ko ya ƙi. Sai ka ga wani ya nemi likitanci an ba shi ilimin sinadarai, ransa ya ɓaci, ya yi gum. Bai karɓa ba, bai ƙi ba. Ya manta cewa kowane sashe yana da adadin ɗaliban da aka yarje masa ya ɗauka. Muddin sunanka na kan gurbin, akwai wanda ke jira a bayanka, wataƙila ma wanda kuke zama benci ɗaya ne.

Wani zai ce ai dabara ce, kada a saki reshe a kama ganye. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a yi gaggawa ba. Ka zauna da iyayenka da malamin ba da shawara tukuna, kada ka bar mai shagon intanet ya danna maka. Amma tunanin kwana uku daban, shirun wata guda daban.

Idan ka yanke cewa ba ka so, ka ƙi a fili. In makarantar takarda ta aiko maka, ka mayar da gajeriyar wasiƙa ta godiya da ban haƙuri. In akwai kawu ko malamin da ya yi maka ɗawainiya, ka taka ka same shi ka gaya masa dalili, kada ya tsinci labari a bakin wasu. Sannan ka kama bakinka. Ba daidai ba ne ka hau WhatsApp kana kushe kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, alhali wani azumi ya yi yana roƙon Allah ya ba shi ita.

Gobe kana iya komawa ƙofar nan neman digiri na biyu, ko ƙaninka ya je. Wanda ya fita da sallama ba ya jin kunyar dawowa.

Kulob ɗin 'Yan Jarida