Shin Ma'aunin Nauyi da Tsayi Ya Isa Shaidar Lafiya?

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. To, amma da wane mudu ake auna ta? A asibitocin zamani, idan mutum ya hau sikeli, aka kuma gwada tsayinsa, sai a fitar masa da wata lamba wadda likitoci ke kira BMI. Ana samun ta ne ta hanyar lissafa tsayin mutum a mita sau kansa, sa'an nan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda lambarsa ta gaza 18.5 ramamme ne, daga nan zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ta tabbata. Ni a ganina wannan lamba ishara ce kurum, kuma kuskure ne a mayar da ita hukunci.

Da farko mu dubi asalinta. Wanda ya ƙago lissafin, Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, masanin lissafi ne da taurari, ba likita ba. Ya yi aikinsa wajejen 1832, yana neman siffar matsakaicin mutum cikin jama'ar Turai. A 1972 ne Ancel Keys, wani masani ɗan Amurka, ya raɗa masa sunansa na yanzu, bayan nazarin maza fiye da 7,000, babu mace ko ɗaya. Wato mudu ne na auna taron jama'a, aka wayi gari ana yanke wa mutum ɗaya shari'a da shi.

Na biyu, sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan kokawa mai kilo 90 da tsayin mita 1.75 lambarsa 29.4 ce. Haka nan mai wannan nauyi da tsayi wanda ya ajiye tumbi, yana yini a kan kujera. Lamba ɗaya, jiki biyu. Kama da wane ba ta wane. Alhali kuwa kitsen da ya taru a ciki shi ne ya fi jawo ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma wannan ma'auni ba ya faɗin inda kitse yake.

Na uku, iyakokin nan mutane ne suka shata su. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar yawan nauyi zuwa 25, sai miliyoyin mutane suka kwana daidai, suka tashi masu nauyi fiye da kima, ba tare da sun ƙara ko loma ba. A 2004 kuma masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna cewa mutanen Asiya da yawa kan shiga haɗari tun lambarsu ba ta kai 25 ba.

Mai karatu zai iya cewa ai ma'aunin yana da arha da sauƙi. Gaskiya ne, kuma don haka ban ce a yar da shi ba. Ƙungiyar Likitocin Amurka ma a 2023 cewa ta yi kada a dogara da shi shi kaɗai. A haɗa shi da awon hawan jini da na sukari da na ƙugu. Wannan na ƙarshe ko a gida ana yin sa: a gwada tsayi da zare, a ninka zaren biyu, a zagaya ciki da shi ta wajen cibiya. In bakinsa bai haɗu ba, to, a nemi likita, ko da lamba ta ce lafiya lau. Rigakafi dai ya fi magani.